Inabin Gandun Basha

Shekarun baya, ina da ɗan shago a unguwar Darrasa, can ƙasar Larabawa, ina sayar wa ɗaliban ƙasarmu kayan abinci, ina aika dabino da zabibi gida. Da hutu ya zo, abokina, ɗalibin ilimin addini, ya roƙe ni in nema musu aiki shi da 'yan ɗakinsu. Wani Bamisire da nake sarin kaya a wurinsa ya haɗa ni da wani tsohon gandu a hanyar Iskandariyya, na wani basha, wato babban basarake, tun zamanin sarauta. Tsinkar inabi ake. Na kwashe su muka tafi.

Inabin ƙanana ne, baƙaƙe, ga kaurin fata ga ƙwallo. Ba a lallaɓa shi kamar na kasuwa, jibga shi ake a kwando ko zai fashe. Ni gwanin kaya, na ce musu na zabibi ne. Zabibi da ƙwallo!

Al'adar gandun, ranar gamawa ana ba kowa kwalba daga amfanin bara. Mai kula da gonar ya miƙo min tawa, jar giya. Abokina ya yi tsalle baya.

"Innalillahi! Alhaji, giya ka kawo mu mu yi wa bauta?"

Kafin Juma'a labari ya gama Darrasa: wai na sani, na ɓoye. Ɗalibai suka daina shiga shagona. Har sallamata wasu ba sa amsawa.

Na koma gandun in sauke haushina. Mai kula da gonar ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya basha, ai shehin naka ya sani. Ranar farko ya karanta a allon ƙofa cewa gandun giya ne, ya tambaye ni. Shi ya ce kada in gaya maka, kar ka mai da su gida."

Ni Larabcin ciniki na iya, ba na karatu ba.

Na tare abokina a bakin masallaci. "Malam, me na yi maka?"

Bai kalle ni ba. "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, gobe an manta. Ni in aka ji a gida, wa zai bi ni salla? Khalas, ka rufa min asiri."

Na rufa. Ba a manta ba. Shagon ya mutu, na koma unguwar Hayyin Ashir na fara daga tushe.

Yanzu ba na kai kowa ko'ina sai na sa an karanta min abin da ke ƙofa. Shi kuwa yana gida yana limanci. Wani lokaci akan turo min wa'azinsa a waya, kan amana. Muryarsa na da daɗi har yanzu.