Kunnen Baba Na'am

Lokacin da ya fara aiki a gidan abincin, babu wanda ke kai wa wani faranti. Benci ne dogo da tebur guda, kowa ya shigo sai ya ɗaga murya ya gaya wa mai girki abin da yake so, ya miƙa hannu ya karɓa. Direbobi ne da 'yan dako da ma'aikatan da gida ya yi wa nisa. Magidanci kuwa in an gan shi a nan, sai a fara tambayarsa ko lafiya iyali.

Wanke-wanke aka ɗauke shi. Daga baya mai gidan ya sayo ƙananan tebura, ya shimfiɗa musu farin ƙyalle, ya ce daga yau mai cin abinci zama zai yi, a zo a tambaye shi abin da yake so. Ya duba cikin ma'aikatansa, ya zaɓi dogon saurayin nan da ba ya musu, ya ba shi farar riga da tire. Da an ɗaga hannu sai ya ce "Na'am" tun bai ƙaraso ba. Sunan ya bi shi, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba.

A gaban idonsa gidan ya canja. Maza suka fara zuwa da matansu, yara suka fara ɓarar da lemo a kan ƙyallen da ya goge. Ya koyi abin da ba wanda ya koya masa: in miji da mata sun yi shiru kowa na kallon bango, ba a matsowa; in mutum ya zo shi kaɗai, ba a ba shi teburin tsakiya. Bai taɓa rubuta abin da aka ce a kawo ba. Iyali guda za su yi ta magana a tare, wannan ban da yaji, wancan a ƙara masa miya, ya tafi kicin ya zayyana wa kuku tsaf.

Matarsa ce ta fara lura da kunnen.

"Malam, ni fa na gaji da faɗin magana sau biyu."

"Daɗin muryar ne ya sa nake so a maimaita," in ji shi.

"To rediyon ma daɗin muryarsa ne ya sa ka ƙure shi har maƙwabta na sallama?"

Ya yi dariya ya bar zancen. Amma ya san gaskiyarta. Sai ya shiga dabara. Ya daina tsayawa gefen mai magana, yana tsayawa gabansa yana kallon bakinsa. Tsofaffin masu zuwa kuwa ya san cimarsu tun kafin su zauna. Haka ya daɗe yana lallaɓawa, har mai gidan ya rasu, 'yarsa Hajiya ta karɓi ragama, ta sa kiɗa mai sanyi a zauren. Mutane kuma suka koma yin magana kansu a sunkuye kan waya, bakin da yake karantawa ya ɓace masa.

Wata Asabar da rana zauren ya cika. Wata mata ta shigo da ƙaramar 'yarta, ta ce shinkafa da kaza. Wannan ya gani a bakinta. Sai ta sunkuya tana laluben jaka, ta ƙara faɗin wani abu. Ya ɗauka ruwa take nufi.

"Na'am," ya ce, ya wuce.

Ya kawo abincin, ya ajiye ruwa. Yarinyar ta riga ta ɗauki cokali, uwar ta riƙe hannunta, ta ɗanɗana miyar da kanta. Ta ajiye cokalin a hankali, ta ɗago ta dube shi, ta yadda bai rasa ko kalma ɗaya ba.

"Baba, akwai gyaɗa a ciki. Na ce maka in ta ci gyaɗa maƙogwaronta kumbura yake yi, sai asibiti. Ka ce mini na'am."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ya ba ta haƙuri, ya ɗauke farantin. Ya sa aka dafa wa yarinyar wani a tukunya daban, ya tsaya a kai har aka zuba, sannan ya roƙi wata abokiyar aikinsa ta kai.

Da mutane suka ragu ya sami Hajiya a ofis. Ya goya ta tana ƙarama, shi ya sa har yau ba ta zama yana tsaye.

"Hajiya, kunnena ya tafi. Na daɗe ina ɓoyewa."

Ta matso gabansa. "Baba, kowa ya sani. Ba ka lura kuku ya daina kiranka ba, sai ya ɗaga ludayi? Mun ga kana iyawa ne, muka ji nauyin gaya maka. Laifin na yau har da mu."

Wannan ta fi ta matar ɗazu yi masa ciwo. Ashe duk zaman da yake ganin shi ke rufa wa kansa asiri, ma'aikatan da ya koya wa riƙon tire ne ke tallafe da shi.

Hajiya ta kai shi asibiti aka sa masa na'urar ji. A gida ta yi amfani. A zaure kuwa komai ta kwaso masa: ƙarar cokali, jan kujera, kiɗa, dariyar teburin can, duk suka haɗu suka danne muryar wanda ke gabansa. Ya gwada iyakar ƙoƙarinsa. Ran nan da kansa ya wanke tiren, ya goge, ya kife shi a kicin.

Hajiya ta ce ya koma bakin ƙofa, ya riƙa tarbar mutane yana zaunar da su. Ya ce zai yi shawara, ya tafi gida ya kwanta. A ganinsa an mai da shi maigadi ne cikin ladabi. Ya kwana biyu yana bin matarsa daga ɗaki zuwa madafa, yana gyara mata jerin kwanuka, yana goge kofin da ta riga ta goge.

"Malam," ta ce, "don girman Allah ka koma wa Hajiya. Ni ban ɗauki ma'aikaci ba."

Ya koma. Yanzu a bakin ƙofar yake, da farar rigarsa, inda hayaniyar ciki ba ta kai masa sosai. Yana duban masu shigowa ya san inda zai kai su: mai tsohuwa kusa da ƙofa, masu jariri nesa da fanka, masu maganar sirri can lungu. Wani lokaci idan aka ɗaga hannu a ciki ƙafarsa takan motsa, sai ya tuna, ya yi wa ma'aikacin da ke kusa alama da ido.

Matar nan ba ta sake zuwa ba. Yakan tuna da ita, bai kuma ga laifinta ba. Sababbin ma'aikata in sun zo wurinsa ake fara tura su, shi kuma abu guda yake nanata musu: duk abin da aka ce a kawo, su maimaita wa mai shi da babbar murya kafin su juya, ko da zai ga kamar sun cika surutu.