Akwatin da abokina ya riƙa turo mini

Shekarun baya, lokacin da nake da ɗan teburin sayar da wayoyi a kasuwar Talata Mafara, abokina da muka fara sana'ar tare ya samu hanyar tafiya wata ƙasa a Turai. Ɗan Maradun ne. Babur ɗaya muke hawa mu kai kaya Bakura ranar kasuwarsu, shi ke tuƙi, ni ina rungume da jaka.

Da farko saƙonsa cikakke ne. Zai gaishe ni, ya tambayi mahaifiyata, da iyali, da kasuwa, har zafin gari sai ya tambaya. Da sanyin can ya kama, sai saƙon ya koma wani ɗan akwati, ba komai a cikinsa. Kullum da hantsi akwati ɗaya. Ni in zauna in jera gaisuwa layi shida, amsa ta dawo akwati.

Mu a nan, wanda ya ƙi gaishe ka ya gama faɗa maka matsayinka. Na ce a raina mutumina ya sha ruwan Turai. Mahaifiyata ta ce in kira shi in ji lafiya, na ce mata wanda ya yi tafiya shi ke da kira. Na daina amsawa. Akwatin ya ci gaba da zuwa kusan wata biyu, sannan ya tsaya.

Abin kunyar shi ne, ni mai sayar da waya ni ke riƙe da mafi tsufa a layinmu, don duk mai kyau da ta shigo hannuna sai in ga mai saye. Sai da tawa ta faɗa ruwa a hanyar Bakura da damina na ciri sabuwa daga cikin kaya, tsofaffin saƙonnina suka dawo cikinta. Da na buɗe sunansa ban ga akwati ko ɗaya ba. Wani ɗan mutum ne a duƙe kan katako biyu dogaye, da sanda a kowane hannu, yana gangarowa kan ƙanƙara. Ga shi nan jere, tun daga sama har ƙasa.

Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da teburina ya warware mini. Ya ce hoton ba ya tafiya, lamba ce ke tafiya. Kowane harafi da kowace alama suna da lambar da aka amince da ita a duniya, wayar da ta karɓa ita ke duba ma'ajiyarta ta zana. Wata ta nuna shi da launi, wata baƙi da fari, wadda ba ta san lambar ba kuwa sai ta aje akwati.

"Abin da ya aiko maka mutum ne, Alhaji," in ji shi. "Wayarka ta ɓoye shi."

A ranar na kira abokina. Ashe aiki ya samu a kan wani dutse inda ake ba da hayar katakon nan ga masu wasan sulu a kan ƙanƙara, yini yake a waje.

"In na cire safar hannu in rubuta maka gaisuwa irin tamu, yatsuna za su faɗi," ya ce. "Shi kaɗai nika iya latsawa, don ka san ina nan, kuma na tuna da kai."

Muka yi dariya, na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Sai can ya gaya mini cewa da rani ya zo gida Maradun, ya yi kwana goma sha biyu. Sau biyu motarsu ta ratsa Talata Mafara. Ya hango ni ina ciniki, har ya ga na yi ƙiba, amma bai sauka ba, don ya ɗauka na yanke shi.

Tun daga nan bai sake zuwa ba. Ya yi aure can, ga yara, ga aiki. Muna gaisawa, ba mu da matsala.

Ni mutum ne da ba na sayen waya sai na buɗe bayanta na duba. Amma abokin shekara da shekaru na yanke masa hukunci ban duba komai ba. Yanzu shago gare ni a bakin titi. Har yau in motar Maradun ta rage gudu a gabana, sai na bar abin da nake yi na ɗaga kai.