Sistar da Ba Ta Taɓa Toshe Hanci Ba

Kafin ƙarfe bakwai na safe Sista ta riga ta shiga ɗakinta a asibiti, wancan na ƙarshen baranda da wasu ma'aikata ke wucewa da sauri kamar ana korarsu. Nan ake kwantar da waɗanda likita ya buɗe wa hanji ta gefen ciki, bayan gida na fita cikin wata jaka da ake mannawa a fata. Takan bi gado-gado, ta ɗaga riga, ta duba fata, ta tambayi mutum yadda ya kwana. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Na ji masu ce mata "Sista mai kwasar ƙazanta". To ku faɗa, bakinku ne. Ni dai da idona na ga abin da ta yi wa ƙanena.

Tela ne, mutum mai tsafta har da iyayi. Da aka yi masa aikin sai ya daina cin abinci a ɓoye, wai don kada jakar ta cika. Muna kai kwano, yana turawa ƙarƙashin gado. Yana ta ramewa, mu kuwa muna ɗora wa ciwo laifi. Ita ta gano.

"Malam tela, kwana uku jakar nan ba ta ga komai ba. Yaji kake yi wa hanjinka?"

"Sista, ki ƙyale ni. Mutum da wannan abu a ciki, cikin wa zai zauna?"

Ba ta lallashe shi ba. Sabuwar jaka ta miƙa masa da ɗan almakashi, ta ce ya auna bakin hanjin ya yanka ƙofar daidai da shi. Ya yanka da ƙyar, yana kau da kai. Ta ɗaga ta duba.

"Tela guda! Wannan fili da ka bari, ai fatarka za ta saɓule. Haka kake yi wa mutane wuyan riga?"

Wallahi sai ga jijiya ta tashi a wuyan ƙanena. Ya fizge wata, ya sunkuya ya kalli cikinsa da kyau, karo na farko, ya yanka cif. Ta manna ta zauna daram. Ya ce, "Yaya, ina kwanon nan?" Ni kuwa na fita baranda na sha kukana.

Ke ce, Sista, wadda ba ta taɓa yatsina fuska a gaban majinyaci ba. Ke kika koya wa matar ƙanena cewa ba sai an ware masa kofi da tabarma ba. Yau yana kan keken ɗinkinsa, ya yi ƙiba har rigunansa sun matse shi, yana shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da kowa.

Mun gode, uwar marasa lafiya, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma 'yan mata sababbin ɗauka da ke roƙon kada a tura ku ɗakin nan, ku ji kunya ku je ku tsaya a bayanta. Sauran kwana goma sha ɗaya ta tafi, kuma gadajen nan a cike suke.