Usta Haruna da Jam'iyyar da Ta Daskarar da Shi

Shekara tara ke nan da maza suka ɗauki Yaya Haruna daga tsakar gidanmu na Umbadda zuwa makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abin sadaka, in raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun da muka dawo gida bayan harbe-harbe sun lafa a gefenmu, kuma in ban fitar da ita ba ita za ta kwantar da ni.

Duk wanda ya san Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji da masana'antu ta Khartum, kafin ta zama kango ya san Usta Haruna mai walda; usta a nan shi ne ƙwararren mai sana'a. Ni Hajara ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma teburin shayina ya fi shekara ashirin a jikin bangon garejinsa. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji, ya yada zango a nan, bai ƙara gaba ba bai koma ba. Mahaifinmu malami ne mai karantar da manya bayan magariba. Ranar da labari ya iso gida cewa Haruna ya shiga wata jam'iyyar 'yan gurguzu, Baba ya daina amsa gaisuwarsa har tsawon wata da watanni. Yaya bai fasa gaisuwar ba, bai fasa salla ba, bai kuma fasa jam'iyyar ba. Taurin kai gadon gidanmu ne, amma shi ya kwashi kason maza biyu.

Ba zan kira sunan jam'iyyar ba, kuma ni ban taɓa shigarta ba. Sai dai mai shayi tana da kunne, ga shi 'yan reshen gareji a kan kujeruna suke zamansu, don haka na san tsarinsu kamar yadda na san yawan sukarin kowannensu. Ba a shiga da ka. Sai mutum biyu daga ciki sun tsaya maka, sannan ka yi watanni kana ɗan gwaji, ana ɗora maka aiki amma ba ka da ƙuri'a. In ka ci, sai a saka ka a reshe, wato 'yan mutane ƙalilan da ke aiki wuri ɗaya ko suke zaune unguwa ɗaya. Reshe ya zaɓi sakatarensa, rassa su tura wakilai kwamitin yanki, yankuna su tura tsakiya. A saman kowa akwai babban taro, shi ke da maganar ƙarshe, amma a zamanin mulkin soja sai a yi shekaru ba a samu an yi shi ba. A cikin reshe ka faɗi duk abin da ke ranka, ko ra'ayin shugaba ne ka yi masa kaca-kaca, ba mai hana ka. Amma da zarar an ɗaga hannu, abin da rinjaye ya yanke ya zama naka, ka fita ka aikata shi ko kana hawaye.

Akwai kuma wata doka, ita ce ta cinye mini ɗan'uwa. Magana tana hawa sama, tana saukowa ƙasa, amma ba ta tafiya a kaikaice. Ɗan wannan reshe ba ya tattauna saɓanin cikin gida da ɗan wancan reshe, ko da cikinsu ɗaya. Da na ce masa wannan ai rashin zumunci ne, sai ya ajiye tabarau ɗin walda ya ce, "Hajara, in 'yan amni suka kama mutum ɗaya suka matse shi, bakinsa bai san kowa ba sai 'yan reshensa. Dokar nan ita ta sa muke kwana a gidajenmu." Ban musa ba. Na ga yadda wasu suke dawowa daga hannun 'yan amni, wato jami'an tsaron gwamnati, ko kofin shayi ba sa iya riƙewa.

Rigimar ta taso ne a kan 'yan Dar Salam, wata unguwar talakawa da ke gaba da Umbadda. Kullum da sassafe sukan zo su jeru a bakin garejoji da shebur da diga, mutanen da yaƙi da fari suka koro daga ƙauyukansu, suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Yaya ya kai wa reshensu shawarar a buɗe musu ƙofa, a kafa musu nasu reshen. Sauran suka ce a'a: ba su da wurin aiki tsayayye, gidajensu na ƙasa yau suna nan gobe an rushe, ba wanda ya san asalinsu balle ya tsaya musu, ta nan baragurbi zai shigo. Aka ɗaga hannu, aka kayar da shi. Ya karɓa, ya koma kan waldarsa, amma na san abin yana cin sa.

Bayan 'yan makonni aka yi sunan 'yata Sa'adiyya a gidanmu. Maigidana, Baban Sa'adiyya, malamin makaranta ne, kuma shi ma ɗan jam'iyyar ne, amma a reshen Umbadda. Suna zaune a kan faranti ɗaya, suruki da suruki, hannu cikin miya, sai Yaya ya ce masa, "Ku da kuke maƙwabtaka da Dar Salam, me zai hana ku tayar da maganar a naku reshen?" Iyakar abin ke nan. Ina wucewa da butar ruwa na ji da kunnena. Ashe wani daga cikin baƙin, shi ma nasu ne, ya ji, kuma ya kai sama kamar yadda aka koya masa.

Suna da wata al'ada ta cewa wanda ya yi kuskure ya miƙe a gaban 'yan reshensa ya soki kansa da bakinsa. Baban Sa'adiyya ya miƙe a nasu, ya ce ya saurari abin da bai kamata ya saurara ba, aka yi masa gargaɗi aka wuce wurin. Yaya ya miƙe a nasu ya ce, "Doka kam na karya ta, ku hukunta ni. Amma in ce ra'ayina a kan 'yan Dar Salam kuskure ne, wannan ƙarya ce, ba zan yi muku ita ba." Sai suka yi masa abin da suke kira tajmid, wato suka daskarar da shi. Ba kora ba ce. Kana nan a matsayin ɗan jam'iyya, amma ba ka zama a taro, ba ka ɗaga hannu, ba a gaya maka komai, har sai na sama sun duba ƙararka. Ya ɗaukaka ƙara, ta fara hawa daga reshe zuwa yanki, daga yanki zuwa tsakiya, a lokacin da rabin 'yan tsakiyar suna ɓoye, sauran suna kurkuku. Daga ranar ba abin da Yaya yake jira a duniya sai a zo a ce masa an ɗage.

Ya fi shekara goma yana jira. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin zaman reshe. Za su zo su gaishe shi da fara'a, su tambayi yara, su zauna. Sai sakatare ya yi gyaran murya. Yaya ya ɗauki kofinsa ya tsallaka titi, ya tsaya jikin wata matacciyar mota yana duba musu hanya ko 'yan amni na tafe. Ba wanda ya sa shi. Mutumin da ya tsaya wa rabinsu suka shiga! Wata rana na kasa daurewa, na bi shi da cokali a hannu na ce, "Yaya, don girman Allah ka rabu da mutanen nan. Sun mayar da kai maigadi." Ya ce, "Ke koma, ruwanki zai ƙone. Ranar da na ci ƙuri'a wasu sun bi ni ba sa so. Yau ni ne." Wasu da suka ɓalle daga jam'iyyar suka kafa tasu ƙungiyar sun zo har gida suna zawarcinsa, ya ba su shayi ya raka su ƙofa. Ran Juma'a kuma yakan hau mota zuwa Dar Salam, ya gyara musu ƙofofi da amalanken ruwa, ya zauna ya nuna musu yadda ake taro a kan rabon ruwan unguwa, mutum ɗaya ya yi magana saura su saurara. Bai taɓa ambata musu jam'iyya ba, tun da ba a ba shi izini ba.

Daga baya ciwon ƙoda ya kama shi, muka ɗauko shi ya dawo gidanmu. Baban Sa'adiyya, wanda a lokacin ya hau har ya zama ɗan kwamitin yankin Omdurman, shi ke saka shi a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya kai shi wankin ƙoda, shi ke riƙe masa kofi, shi ke juya shi a kan gado. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi masa abin da ɗan'uwa na jini ba lallai ya yi ba. Amma maganar jam'iyya ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba tun ranar sunan nan. Ni Yaya yake tambaya, in na shigo da kunu: "Ba wanda ya zo daga gareji?" In ce babu. Ya ce, "To, hanya ce ba kyau." Haka ya yi ta tambaya har harshensa ya yi nauyi. A zaman makoki 'yan reshensa sun zo, sun yi kuka na gaske, amma kowa ya zo ne a kan kansa, ba wanda ya yi magana da sunan jam'iyya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga abin da ya biyo baya. Bai ga ranakun da matasa suka cika tituna har mulkin ya faɗi ba. Na san da ya yi murna, na kuma san da ya yi ta mita a kan kwamitocinsu na unguwa, inda kowace magana take yawo a waya daga wannan unguwa zuwa waccan kafin a tashi daga zama. Bai ga yaƙin nan ba, kuma wannan rahama ce. Garejinsa yanzu bango biyu ne da toka. 'Yan reshensa ɗaya ya rasu a hanyar gudu, sauran ban san ƙasar da suke ba. A Dar Salam kuwa, lokacin da yunwa ta yi tsanani, tsofaffin leburorin nan da 'ya'yansu su suka riƙe tukunyar ciyar da unguwa. Wata mata da ta zauna can ta ce mini ko wake za a raba sai sun zauna an ɗaga hannu, kuma wanda aka kayar yakan tashi ya ɗauki itace tare da kowa. Mutanen da aka ce ba wanda zai iya tsaya musu ke nan.

Da muka dawo Umbadda mun tarar an kwashe komai, har ƙofar gida an ɓalle. Baban Sa'adiyya yana fama da wani guntun kwano zai toshe wurin, ina riƙe masa, sai na ce da Yaya yana nan da tuni ya haɗa mana ƙofa. Sai na ga ya saki guduma ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Hajara, an ɗage masa. Tun kafin azumin shekarar da ya rasu tsakiya ta ɗage, har ta ce a sake duba maganar Dar Salam. A zaman yankinmu na ji."

Na ce, "Ka ji? Kana ji kake kai shi asibiti?"

Ya ce reshen gareji a ƙarƙashin yankin Khartum yake, ba nasu ba. Mutumin da ke kai saƙo tsakanin yankin da reshen an kama shi, ana jiran a naɗa wani. Saƙon dole ta hannun sakataren reshensa zai sauko. "Na ɗauka kwana kaɗan ne. Kullum sai in ce gobe za su zo. A kan wannan dokar aka daskarar da shi, ta yaya zan sake karya ta a kansa? Kuma kin san halinsa. Da na faɗa masa, da shi da kansa zai kai ƙarata."

Wallahi na so in ce ƙarya yake yi. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba a zaman aurenmu. Amma na san Yaya. Da ya ji daɗi na yini ɗaya, washegari ya nemi a kira masa sakatare ya ce surukinsa ya yi magana a kaikaice. Wannan sanin shi ya fi komai ci mini rai, don ya hana ni samun wanda zan ɗora wa laifin gaba ɗaya in huta.

To me ya rage na Usta Haruna? Gareji ya tafi, reshe ya watse. Tsarin da ya ba rayuwarsa ya kare mutane da yawa daga kurkuku, ban ƙi ba, kuma shi ne ya bar mutum mai ciwon ajali yana kallon ƙofa alhali amsar tana zaune a gefen gadonsa tana riƙe masa kofi. Abin da na ga ya rage shi ne zaman da ake yi a Dar Salam kafin a raba wake, a wurin mutanen da ba su ma san yana da jam'iyya ba.

Na ce wa Baban Sa'adiyya ya tashi ya je maƙabarta ya faɗa masa da bakinsa. Ya je, ya yini, ya dawo ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce bai gane kabarin ba. An binne mutanen yaƙi a kowane tsakani, alamomin da muka sa duk sun ɓace. Na ce to zan rubuta a jarida kowa ya karanta, ya ce in rubuta. Ni ba 'yar reshen kowa ba ce, ba dokar da ta ɗaure mini baki. Yaya, sun ɗage maka. Kana da rai suka ɗage.