Mainasara Dillali da Ramar Hussaina

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya a kara, wato kasuwar dabbobi ta Mai'Adua, a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, da wuya a ce bai san Mainasara ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta mai shela. A garin Babban Mutum aka haife shi, gidan manoma, amma noma bai karɓe shi ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin kawunsa kasuwanni, har ya gaje shi a dillancin dabbobi. Da ya yi aure sai ya dawo Daura da zama, ya yi haya shekara tara, daga baya ya gina ɗan gidansa mai ɗaki uku. Ranar Lahadi yana Mai'Adua, sauran ranaku kuwa duk inda kasuwa ke ci, daga Mashi har ƙetaren Kongolam.

Hannunsa ne ya fitar da shi cikin dillalai. Zai ɗora tafi a gadon bayan rago, ya bi shi har gindin wutsiya, ya damƙi ƙirji, ya buɗe baki ya dubi haƙora, sannan ya gaya maka abin da za ka tarar in an feɗe. Mahauta sun sha gwada shi, sun gaji sun bari. A lokacin an shigo da wata muguwar ɗabi'a kara: wasu masu kiwo kan ɗura wa dabba ƙwaya, mako uku ta cika ta yi ɓul-ɓul, mai saye ya kai gida ya yanka ya tarar rabin jikin ruwa ne. Mainasara ko igiyar irin wannan ragon ba ya taɓawa. Cewa yake kumburi daban, ƙiba daban, kuma dillalin da bai san bambancinsu ba gara ya koma tallan gyaɗa.

Sai dai Allah ya jarabce shi da hali guda, wanda ya kusa ja masa asarar 'yarsa. Idon nan na kara ba ya barin sa a kara, da shi yake shiga gida. In ka zo gaishe shi, kafin ya amsa ya riga ya auna ka. A wurinsa mai jiki shi ne mai lafiya, shi ne kyakkyawa, shi ne ɗan gidan rufin asiri. Siriri kuwa, ko ciwo, ko yunwa, ko baƙin rai. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, rabin garin haka suke, amma shi nasa a baki yake.

Ga shi 'ya'yan da suka samu shi da matarsa Shatu biyu ne rak, tagwaye mata. Hasana ta ɗebo jikin uban. Hussaina siririya ce tun haihuwa, lafiyarta lau, ko zazzaɓin kirki ba ta yi, kuma kwano ɗaya suke ci da 'yar'uwarta. Tun suna tatata Mainasara ya ƙirƙiro wani wasa da bai taɓa gundurarsa ba. In baƙo ya zo sai ya kira su su gaishe shi, ya yi gyaran murya, ya ce Hasana ta isa kasuwa, Hussaina kuwa sai an ƙara mata dusa da kanwa. Baƙo ya yi dariya, Hussaina ma ta yi murmushi don ba yadda za ta yi. Shatu ta sha gaya masa ya bari, yarinya ta girma. Ya ce ai wasa ne, duk duniya wa ya fi shi son Hussaina? Kuma ba ƙarya ya yi ba, yana son ta. Tsiren da yake shigowa da shi ranar kasuwa kasonta ya fi na kowa kitse, kuma a kanta yake tsayawa sai ta cinye.

A shekarar da aka matsa wa 'yan fim a Kano suka watsu garuruwa neman wurin ɗauka, wasu samari suka sauka Mai'Adua da kyamara. Jagoransu wani ne Abbas, mai shirya fina-finan barkwanci. Dillali suke nema wanda zai koya wa ɗan wasansu yadda ake duba rago, aka nuna musu Mainasara. Abu ɗaya ya tambaya, ko akwai rawa da mata a ciki. Suka ce babu, ban dariya ne zalla. Daga nan ya saki jiki. Wuni guda ya yi yana kama hannun ɗan wasan yana ɗora masa a bayan raguna, yana zuba kamar an kunna rediyo. Da suka zauna shan fura ya ba su labarin gidansa, har da wasan tagwaye, suka yi ta dariya. Ya ga Abbas na rubutu a ɗan littafi, ya ɗauka sirrin raguna yake kwasa. Labarin fim ɗin kuwa ko a ransa bai zo ya tambaya ba.

Tagwayen a lokacin shekararsu goma sha bakwai, kuma duk sallamar da ake yi a ƙofar gida da Hasana ake yi. Hussaina ta gaji. Wata dillaliya mai shiga gidaje da atamfofi ta sayar mata da maganin ƙiba a ɓoye, 'yan ƙwayoyi farare ƙulle a leda. Cikin wata biyu kumatu suka fito, wuya ya cika. Ƙishirwa ta dame ta, ƙafafunta suka yi nauyi, duk ta ɓoye. Mainasara kuwa baki har kunne, wai sai yanzu tsirensa ya fara aiki. Mutumin da ba a taɓa cutarsa da rago ba, ga 'yarsa na kumbura a gabansa yana sa albarka. Ita kuma da ta ga uban ya fara kallon ta da fara'a, sai ta ƙara yawan abin da take sha.

Fim ya fito ana saura wata guda babbar salla. Ran nan Mainasara ya shigo da faifan a aljihu, aka yi sa'a akwai wuta, ya tara iyalinsa a ɗakin Shatu bayan la'asar, su zo su ga aikin hannunsa.

Labarin wani dillali ne da zai yi wa ɗansa aure, ya rataye sikelin auna hatsi a ƙofar gida, ya sa aka yi shela cewa wadda ta fi nauyi ita ce amarya. 'Yan matan gari suka yi layi. Wata ta ɗaura zannuwa bakwai, wata ta cusa filo, wata ta ƙulla ɗan dutsen niƙa a haɓar zani ya suɓuce ya faɗo wa mai awo a ƙafa. An gama an fitar da gwana ke nan sai ga ango ya dawo daga birni, ya ce shi siririya yake so, yanzu ita ake yayi. Uban bai ko sauke sikeli ba, ya ce to a sake layi, wadda ta fi rashin nauyi. Gari ya kama azumi ba watan azumi ba, lemun tsami ya yi tsada. A duk wannan hidima ba wanda ya tambayi halin ko ɗaya daga cikinsu, ba kuma wanda ya tambaye su ko suna son angon, wanda ko ɗaure akuya bai iya ba. Mainasara ya yi dariya har da hawaye. Duk sanda dillalin fim ya ɗaga hannu sai ya zunguri Shatu, ya ce ta duba, shi ya koya masa.

Can sai aka nuno gidan dillalin. Ashe 'ya'ya mata biyu gare shi. Baƙo ya zo, ya kira su, ya yi gyaran murya irin na Mainasara sak, ya ce wannan ta isa kasuwa, wannan sai an ƙara mata dusa da kanwa. Siririyar ta zaga bayan ɗaki, ta zazzage maganin raguna a baki. Da ta fito an cusa mata auduga a kumatu, tana tafiya tana haki, uban na tafi yana cewa yanzu ta zama mutum. An shirya wurin ne don a yi dariya, amma a ɗakin nan ba wanda ya yi. Hussaina ta yunƙura za ta fita, sai da ta dafa bango sannan ta miƙe.

Wannan dafa bangon shi ya buɗe wa Mainasara ido. Ya bi ta da kallo irin wanda yake yi wa ragon da bai yarda da mai shi ba. Fuska a cike, damatsa kuwa sirara kamar da. Takalmin soso ya nutse mata a ƙafa. Ya kira ta ta dawo ta zauna, ya ce wa Shatu ta danna mata babban yatsa a saman idon sawu. Shatu ta danna ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, bai taso ba.

Bai yi ihu ba. Ya ce ta kawo abin da take sha. Ta ɗauko ƙullin leda daga ƙasan akwatin kayanta. Yana gani ya gane su, su ne dai waɗanda ya sha gani a aljihun macuta a kara.

"Me ya kai ki, Hussaina?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, tun da na fara sha kake cewa in zo in zauna kusa da kai."

Kunya da tsoro suka rufe shi, kuma shi mutum ne da in ya tsorata sai ya yi gaggawa. Ya fita ya zuba ƙwayoyin a masai, ya ce an gama, daga yau ba ita ba su. A tunaninsa kamar rago ne, a daina ɗura masa ya saɓe. Kwana uku bayan nan Hussaina na wanke-wanke ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti likita ya wanke Mainasara tas. Ya ce irin wannan magani in jiki ya saba da shi ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa, kuma da sun ƙara rabin wuni a gida da sai dai wani labarin. Ga jini ya hau, ga suga. Mainasara na tsaye da hula a hannu yana saurare. Kwana takwas aka riƙe ta, ya rasa kasuwar Lahadi biyu a tsakiyar kakar raguna, ko zancen bai yi ba.

Da hankali ya ɗan kwanta sai ya nemi inda zai sauke haushi. Ya rantse sai ya kai Abbas gaban alƙali, ya sace masa magana ya tozarta gidansa. Shatu ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi abin da zai gaya wa alƙalin.

"Malam, cewa za ka yi maganar taka ce, ko cewa za ka yi ba taka ba ce?"

Zancen ƙara daga nan ya mutu. A kara kuwa kowa ya ga fim ɗin, kuma kowa ya gane mai gyaran muryar. Har 'yan shekarun nan in ya ɗora hannu a bayan rago sai wani ya ce a kawo wa Mainasara sikeli. Yakan yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Wata uku aka yi ana janye maganin. Kumburin ya sauka, Hussaina ta koma yadda Allah ya yi ta, sai 'yan zane-zane da suka rage mata a damtse da saurin gajiya. Mainasara ya bar wasan nan har abada, ya bar tsayawa a kanta da tsire. A nan ne ya gano abin da ya fi ƙwayar ci masa rai. Da ya cire wasan, sai ya tarar ba shi da wata magana da yarinyar. Da Hasana hira ba ta ƙarewa. Hussaina kuwa ta gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ya buɗe baki, ya ji tsohon zancen ne ke tahowa, ya haɗiye. Ita ma ba ta taimake shi ba, don ba ta san wani uban ba sai mai auna ta.

Wata Lahadi da safe ya shirya zai tafi kasuwa, ya tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake. Ya tsaya, ya gyara hula, ya sake gyarawa. Sannan ya tambaye ta me take so ya taho mata da shi.

Ta ce duk abin da ya kawo.

Ya ce a'a, abin da ita take so, abincin da in ta gani ranta ke biyawa. Yana faɗa yana jin nauyin tambayar, don shekara goma sha bakwai yana cewa ta ci, ta ƙara, ta cinye, bai san amsar ba.

Hussaina ta bar tsintar. Sai da ta yi tunani, don ita ma ba a taɓa tambayarta ba.

"Kwaɗon zogale," in ji ta. "Mai yaji. Ni nama bai dame ni ba, Baba. Don kai nake ci."

Ya ce to. Ya fita ya tayar da babur, ya kai bakin titi, sannan ya tuna bai ma san inda mata ke sayar da zogale a kasuwar da ya shekara talatin yana ci ba. Da ya isa sai da ya tambaya aka nuna masa.