Ranar Gayyar Baba

Duk lokacin da jami'armu ta Zariya ta tashi bikin tsofaffin ɗalibai, sai an jero ni cikin waɗanda suka fara ɗaga sunanta. Wannan ya yi minista, wancan ya yi alƙali, sai ni mai dogayen ƙafafu da na ciyo mata kofin tsere. Ina zuwa, ina cin shinkafarsu, amma ba na jin daɗin tafin da ake mini.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, jami'ar ma sabuwa ce fil, filin wasanninta rabi ciyawa rabi tsakuwa. A dogon hutun damina malamin wasanninmu, wani Bature mai jan wuya, ya tsare mu horo saboda gasar da za a yi a Kudu. Ana cikin haka Baba ya aiko daga Gubuchi cewa ya kira gayya, za a huɗe masa dawa, in zo. Na ce wa ɗan aiken karatu ya riƙe ni. A raina na ce gari cike yake da samari, rashin garma ɗaya ba zai rage komai ba.

Na ci tseren. Na sauka a Makarfi da kofi a jaka zan wuce Gubuchi, ina taku kamar ni na kafa garin. A gida Baba ya jujjuya kofin, ya gane irin karatun da ya riƙe ni, ya sa albarka ya miƙo mini.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin gayyar tana surfe, ko kallona ba ta yi ba. A garinmu mai gangar noma ɗan mai gona yake fara kira, shi zai ja layin farko sauran su bi. Ranar gayyar mai gangar ya kira ni, ya sake kira, don Baba bai gaya wa kowa ba zan zo ba, har safiyar yana leƙen hanya. Da shirun ya yi yawa, sai Baba ya tuɓe riga ya karɓi garma a hannun wani saurayi, shi da ciwon baya ya daɗe da raba shi da huɗa.

Na tambaye ta ko ya kai ƙarshen layin.

"Ya kai, Yaya," in ji ta. "Samarin ne suka dinga rage hannu don kada su wuce shi. Kuma ya gane."