Tiyon Famfon Kicin Ɗina

Na dire tsohon tiyon a kan teburin mai kayan famfo a kasuwar Gusau, duk ya sha ɗaurin robar taya. Na ce irinsa nake so.

Tiyon nan ne da ake jawowa daga bakin famfon kicin. Wata uku yana yoyo, har katakon durowar da ke ƙarƙashin famfon ya fara ruɓewa. Maigida yana aiki a Tsafe, duk zuwan da ya yi sai ya ƙara masa ɗauri ya koma.

Mai shagon ya jujjuya shi, ya dube ni. "Hajiya, ki turo wanda ya kwance shi. Wannan ba aikin mata ba ne."

Na ce, "Alhaji, ga wadda ta kwance shi a gabanka. Ba ni sabo."

Na dawo gida na rufe ruwan tanki, na durƙusa da sifana don in ɗaura sabon. Karon farko na manta ƙarfen nauyin da ke mayar da tiyon ciki, na sake kwancewa. Yanzu ko ɗigo babu.

Tsohon tiyon kuwa na rataye shi a ƙofar ɗakin maigida, ranar Juma'a zai dawo.

Mata, wane gyara ne har yau kuke zaman jiran namiji a kansa?